Takardar da Abba Ya Nema

Keken adaidaita-sahun da ya ɗauko Najeeba daga unguwar Federal Low-Cost ya mutu a Bolari, daidai garejin Jibrilla. Ya taso, hannu duk baƙin mai.

"'Yanmata, minti biyar."

"Minti biyar ɗinku na makanikai?"

Ya yi dariya. Kafin wata uku yana kiranta Zumata, ita kuma tana ce masa Injiniya. Abin da ya karanta ke nan, shekara shida babu aiki.

Ranar da Jibrilla ya je neman aurenta, Abbanta, Alhaji Bappayo, darakta a wata ma'aikata, bai bari ya gama gaisuwa ba.

"Ina ɗan ashirin da huɗu na samu aiki da gidan nan. Kawo takardar ɗaukar aikin gwamnati kafin Juma'a, ko ka manta hanyar gidana."

Ranar Laraba saƙon Jibrilla ya shigo wayarta:

"Zumata, fom goma sha ɗaya na cike. Ko'ina sai a ce babu gurbi sai wani ya yi ritaya. Wallahi zan rasa ki."

"Kar ka sare, Injiniyana. In ba kai ba, babu kowa."

Da kuka ta isa unguwar Hammadu Kafi wurin kakarta, Nana Hadiza, wadda suke kira Dada, ta karanta mata saƙon. Tsohuwa ta yafa mayafi, sai falon ɗanta.

"Bappayo, shekarunka nawa?"

"Hamsin da bakwai, Dada."

"A takardar ofis! Ni da na yi naƙudarka na ce sittin da biyar. Ƙaninka Usaini ya yi ritaya bara, kai kana nan kana rina gemu. Kun ƙi tashi daga kujera, yaran nan a ina za su zauna?"

Abba ya dubi kumburarrun idanun Najeeba.

Ranar Juma'a Jibrilla ya durƙusa gaban Abba hannu biyu babu komai. Abba ya miƙa masa ambulan. Takardar ritayar Abban ce, da sa hannunsa.

"Ba lallai kai za a bai wa gurbin ba," in ji shi. "Amma ɗan wani zai samu. Turo manyanka."

Kekuna ashirin daga Bolari suka zo ɗaukar amarya. Dada ta dafa kan ango da amarya. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya kawo zuri'a mai albarka."

Najeeba ta raɗa wa Jibrilla, "In keken ya mutu a hanya fa?"

"Minti biyar, Zumata."