Masuncin da Tafki Ya Tafi Ya Bari

An yi wani tsohon masunci mai taurin kan tsiya. Tafkin garinsu ya janye, ya bar masa kwalekwale a kan yashi. Jikokinsa sai ramewa suke, amma da an ce a yi noma sai ya daka tsawa: "Baɗi ruwa zai dawo!" Baɗi ta zo, ya sake cewa baɗi.

Rannan sai ga 'yar ƙanwarsa, mai aikin duba hotunan da tauraron ɗan Adam ke ɗaukowa daga sama. Ta ajiye masa guda biyu. A na da, ga tafki shuɗi, cike fal. A na bana, ɗan ɗigo ne kawai.

Ya ce, "Ke, tauraron naki ya hango shi yana dawowa?"

Ta ce, "Kawu, kowace shekara ƙara nisa yake. Amma inda ya bari da danshi, wake zai yi."

Tsoho ya daɗe yana shafa shuɗin nan da yatsa. Can ya ce, "Nan nake jefa taru. Bar mini wannan. Kai, ku miƙo fartanya!"

Wake ya yi, yara suka ƙoshi. Amma har yau, in tsohon zai shiga gonar, sai ya naɗe ƙafar wando.