Ranar da Ta Kira Sunansa a Rediyo

"Amatullah, masu sauraro ne ke tambaya fa. Ko dai bakinki ya yi nauyi ne tun da aka kawo goro gidanku?"

Jar fitilar sutudiyo a kunne take. Duk Bauchi ta ji abin da Mudathir ya faɗa.

Amatullah ta juyo ta dube shi. Shekara uku suna gabatar da shirin wasanni tare, ita da wannan ɗan ƙanwar mahaifin nata, ba wanda ya taɓa ce mata mai son kai. Yau ga shi ɗan'uwanta ya faɗa, har da murmushinsa. Ta kuma san asalin murmushin. Shi ya fara cewa yana sonta, ta ce masa ita yaya ta ɗauke shi. Bayan wata shida iyayen Abdulbaqi, kocin Giwayen Fadama, suka kawo gaisuwa gidansu.

Su Giwayen kuwa an lallasa su wasa huɗu a jere. Abin da ya fi tunzura mutane shi ne kocin ya ajiye Toma a benci, ɗan wasan gaban da ya ci musu ƙwallo goma sha ɗaya a kakar, kuma ya ƙi ya ce uffan. Daga jaridu har masu keke kowa da nasa fassarar. Wasu har sun fara raɗa cewa don yaron ba musulmi ba ne, maganar da ba ta buƙatar fetur kafin ta kama.

Ga shi da safiyar nan mahaifinta, Baba Ladan, ya ajiye kofin shayinsa ya dube ta.

"Mamana, ba zan sa rana da mutumin da gari ke kira azzalumi ba. A dakata tukuna."

"Amatullah?" Mudathir ya sake kira. "Shiru ma magana ce."

Tana da ƙa'ida guda da aka san ta da ita a gidan rediyon. Ba ta zargin mutum a iska sai ta buga masa waya ta ji ta bakinsa, ko da alƙalin wasan da kowa ya ga kuskurensa ne. Amma wannan karon ba ta kira ba. Tsoro take a ce sun haɗa baki.

Ta matso da bakinta kusa da makirfo.

"Ba abin da ya yi wa bakina nauyi," ta ce. "Abdulbaqi Nu'uman ya gaza. Shugaban da zai ajiye yaro ba dalili, ya bar gari cikin zargi, bai cancanci riƙe ƙungiya ba."

Sai da maganar ta fita ta ji me ta faɗa.

Sunansa...

Tun ranar da aka kawo gaisuwa ba ta sake kama sunan nan ba. Ko a gida sai dai "Koci", ko "shi", ƙannenta na tsokanarta tana jifansu da filo. Danginsa Fulani ne masu kunya, mahaifiyarsa shekara arba'in ba a taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba. Yau ga Amatullah ta faɗe shi gatsau, har da na ubansa, kamar mai karanta sammaci.

Mudathir ya tafa hannu a hankali. "Kun ji dai da kunnenku. Ko amaryarsa ta shaida."

Kwana biyu tsakani hukumar kulob ta dakatar da kocin. A takardar da suka raba wa 'yan jarida har da cewa makusantansa ma sun yanke ƙauna. A ofis ana ta yaba mata, wai ta nuna gaskiya ba ta da dangi. Wata gwaggon Abdulbaqi ta aiko wa Umma saƙo a taƙaice: su ba su saba ba, yarinya ta kama sunan mijin da za ta aura a kasuwa.

Ta kira shi sau bakwai. Wayar na shiga, ba a ɗauka.

Rana ta uku da hantsi mai gadi ya ce mata tana da baƙuwa. Wata doguwar mata ce da goyo, idanunta sun kumbura.

"Sunana Treasure. Ni ce matar Toma."

Amatullah ta ja ta ƙarƙashin bishiyar darbejiya da ke bayan ofis.

"Anti, kin yi kuskure fa," matar ta ce. "Amma sai kin yi mini alkawari ba za ki sa a rediyo ba."

"Na yi."

"Toma ya faɗi a wajen atisaye wata ɗaya da ya wuce. Likita ya ce zuciyarsa ne, kada ya buga sai an gama gwaji. Toma ya ce zai buga a haka. Koci ya ce ba a hannunsa ba."

"To me ya sa ba a faɗa ba?"

"Saboda Mama, mahaifiyarsa. Yayan Toma, Irmiya, a fili ya faɗi ya mutu, shekara shida yanzu. Tun lokacin Mama hawan jini. Kullum rediyo yana kunnenta. In ta ji an ce zuciyar Toma, wallahi ba za ta kwana ba. Toma ya durƙusa ya roƙi Koci, Koci ya ce ya ɗauka."

Amatullah ta dafa bishiyar.

"Toma bai san na zo ba," Treasure ta ce tana gyara goyo. "Na faɗa miki don ki daina ne, ba don ki faɗa ba."

Ko jakarta ba ta koma ta ɗauka ba. Ta tare keke ta ce Fadaman Mada, inda filin atisayen Giwayen yake.

Filin atisayen ba kowa. Yana zaune a bakin ɗakin ajiye kaya, yana naɗe igiyar usur ɗinsa a yatsa yana warwarewa. Ya rame cikin kwana uku.

"Koci..."

Bai ɗago ba. "Au, yau kuma Koci ne? Ai na ɗauka an ba ni sunana."

"Matar Toma ta zo wurina."

Sai a lokacin ya ɗago da sauri. "Kada ki kuskura ki faɗa."

"Ba zan faɗa ba. Amma me ya sa ba ka gaya mini ba? Ni fa..."

"Kin tambaye ni?"

Ta sunkuyar da kai.

"Amatu, ba sukar ce ta yi mini ciwo ba. An ci mu huɗu, dole a soke ni, aikinku ne. Da kin ce na yi kuskure wajen canji, ko na bar baya a buɗe, da na ce gaskiyarki. Amma na san yadda kike aiki. Ranar nan tun azahar wayata na hannuna. Ina ta cewa yanzu za ta kira, ba ta taɓa yanke wa mutum hukunci ba ta ji shi ba." Ya yi wata dariya marar daɗi. "Kowa a garin nan yana da wannan haƙƙin a wurinki. Ni kaɗai ne ba ni da shi."

"Tsoro na ji kada a ce ina kare ka."

"Sai kika yanka ni don a ga wuƙarki na da kaifi."

Hawayen da take riƙewa suka zubo. "Da na kira, me za ka ce mini?"

"Ba komai. Cewa zan yi ba zan iya faɗa ba." Ya dube ta. "Amma kin san muryata, Amatu. Da kin ji."

"Ka yafe mini, don Allah..."

Ya miƙe ya rataya jakarsa. "Inna tana jin shirin. Ita ta kashe rediyon da hannunta. Ban san me zan ce mata ba har yanzu."

Ya wuce ta ya fita. Ta tsaya tana kallon bayansa har ya sha kwana.

Ranar Laraba shirin ya sake zagayowa. Mudathir ya shigo da jaridu a hammata, cike da nishaɗi, wai yau za su tattauna wanda ya dace ya gaji kujerar kocin. Fitila na kamawa Amatullah ta riga shi.

"Jama'a, kafin komai ina da gyara. Makon jiya na zargi mutum a wannan shirin ban ji ta bakinsa ba. Ban kira shi ba, ban nemi dalilinsa ba. Na yi haka ne don in wanke kaina, ba don in gaya muku gaskiya ba."

Mudathir ya juyo. "Wane mutum kenan? Ki faɗi suna mana."

Ta buɗe baki. Sunan ya zo har leɓenta ya tsaya.

"Shi... shi wanda na ambata."

"To me ya gaya miki yanzu? Mene ne dalilin ajiye Toma?"

"Shi bai gaya mini komai ba. Na bincika da kaina, na samu dalili, kuma dalilin ba addini ba ne, ba ƙabila ba ce, ba ƙiyayya ba ce. Masu yaɗa wannan su ji tsoron Allah."

"Ki faɗe shi kawai, in akwai."

"Ba nawa ba ne da zan faɗa."

"Kun ji ko? Soyayya ta dawo da ita gida."

"Yaya Mudathir," ta ce a nutse, "kai sau nawa ka kira shi cikin wata gudan nan da kake sukarsa?"

Mudathir ya shiga juya jaridunsa.

"Wasa huɗu an ci mu, wannan a tuhume shi a kai, ni ma zan tuhume shi," ta ci gaba. "Amma na ce bai cancanta ba, alhali ban sani ba. Na janye. Ina roƙonsa gafara, shi da mahaifiyarsa."

Ana kashe fitila manaja ya kira ta ofis. Ɗan jarida, in ji shi, ba ya cewa yana da dalili ya kuma ɓoye. Ta huta daga shirin sai an neme ta. Ba ta yi musu ba. A keke tana ta share ido da gefen mayafi, tana lissafin abin da ta rasa a mako guda: aiki, miji, da mutuncinta a idon surukai.

La'asar sakaliya ta iso gidansu a unguwar Ɗan Iya. A ƙofar falon Baba ta ga wasu fararen takalman kambas da ta sani ko a mafarki.

"Mamana, shigo," muryar Baba Ladan ta fito daga ciki.

Ta shiga da sallama ta durƙusa can gefe. Abdulbaqi na zaune a ƙasa kansa a sunkuye. Ƙaramar rediyon Baba na kan tabarma.

"Na ji shirinki," Baba ya ce. "Yanzu nan ba rediyo ba ne. Gaya mini, me ya sa ya ajiye yaron mutane?"

"Baba, ka yi haƙuri. Amana ce."

"Ni ma?"

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ba ta taɓa ce wa mahaifinta a'a ba.

"Na yi alkawari, Baba."

"In na ce muddin ba ki faɗa ba babu wannan auren fa?"

Hawaye ya ɗiga a bayan hannunta. Ta kasa duban inda Abdulbaqi yake.

"Duk abin da ka yanke daidai ne. Amma ba zan iya ba."

Baba Ladan ya daɗe yana jan carbinsa.

"Tun azahar na aika aka kira mini wannan," ya ce, ya nuna Abdulbaqi da haɓa. "Sau uku na tambaye shi. Na ukun na ce masa in bai faɗa ba ya haƙura da ke. Idonsa ya kawo ruwa, amma ya ce mini to. Tare muka ji shirinki da shi." Ya girgiza kai. "Ni gari ya ce azzalumi, na kama, ban kira shi na tambaya ba. Ashe laifinmu ɗaya da ke, Mamana. Wanda ya yarda ya rasa aiki, ya rasa mata, don kada ya tona asirin ɗan wani, ba zai tona na 'yata ba."

Abdulbaqi ya ƙara sunkuyar da kai. "Na gode, Baba. Sai dai aikin nan ba lallai su mayar da ni ba."

"Ita ma ga alama an sallamo ta. Ku biyun sai ku yi ta kallon juna har Allah ya kawo mafita. Mahaifiyarka fa?"

"Ta kira ni ana gama shirin." Ya ɗan saci kallon Amatullah, karo na farko tun shigowarta. "Ta ce ta ƙirga, sau goma sha ɗaya Amatu ta ce 'shi' maimakon sunana. Ta ce a gaya wa 'yarta ta ji."

Amatullah ta toshe bakinta, kukan ya ƙwace mata.

"To ya isa," Baba ya ce, yana ɓoye murmushi a gemunsa. "Zan aika su zo a sa rana. Amma ni tsoho ne, ina mantuwa. Mamana, gidan wa za a aika? Faɗa mini sunansa. Ai kin iya, duk Bauchi ta ji ki."

Ta buɗe baki.

Ta dubi fararen kambas ɗin da ke bakin ƙofa, ta dubi tabarma.

Sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, ta tashi da gudu ta yi cikin gida.