Shuu Ɗin da Ke Ƙarƙashin Waƙar

Dab da magariba mai gyaran rediyo ya rufe shago, ya biya ya sayi sabuwar wayar makirfo, ta uku ke nan a mako guda. Mutum ne mai kafiya. In na'ura ta gagare shi, ko abinci ba ya iya ci.

Muryar 'yarsa yake ɗauka, tana rera waƙar da mahaifiyarta ke yi mata kafin ta rasu wata bakwai da suka wuce. So yake ya adana ta tun yarinyar ba ta manta ba, don baitin ƙarshe sai ta ɗan dakata yake zuwar mata. Amma duk ɗaukar da suka yi a ɗakin baya, sai a ji wani shuu a ƙarƙashin muryar, yana zuwa yana komawa.

Ya kashe firji. Ya kashe fanka. Ya rataya barguna a bango, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofa. Ya sa sabuwar wayar. Shuu yana nan.

"Baba, ka ƙyale shi mana," in ji yarinyar. "Ni ba ya damuna."

"Je ki ci abinci. Wannan aikina ne."

Sai ya yi abin da masu sana'ar ke yi: ya ɗauki shirun ɗakin na minti ɗaya, don kwamfuta ta gane hayaniyar ta share ta daga waƙar. Ya sa abin sauraro a kunne, ya ƙure murya.

Ashe numfashi ne. A ja, a saki. A ƙarshen kowane ja akwai ɗan fito siriri irin na mai ciwon ƙirji. Shekara goma sha ɗaya yana kwana da wannan fiton a gefensa.

Ƙamshin man gashin matarsa ya cika ɗakin. Bargon bango ya motsa.

Ya san wanda ya mutu ba ya dawowa. Ya fara neman tsari, yatsansa a kan maɓallin sharewa.

Wani hannu mai sanyi ya kama nasa.

"Bari," aka raɗa masa. "Ba ta iya ƙarshen ba tukuna."

Ya zabura ya fizge. Garin fizgewar yatsan ya danna. Da rarrafe ya fita daga ɗakin.

Washegari waƙar ta fito tas, ba shuu ko kaɗan. Tsohuwar ɗaukar kuwa babu ita, don shi bai taɓa ajiye kwafi ba. Ya kira yarinyar ta sake rerawa. Da ta kai baitin ƙarshe ta tsaya, ta karkata kai gefe, tana jira. Ta daɗe tana jira.

"Baba," ta ce, idonta ya ciko, "yau ba a faɗa mini ba."

Tun daga ranar ya sauke bargunan, ya mayar da tsohuwar wayar. Kullum da magariba yakan zauna ya ɗauki shirun ɗakin, ya ƙure murya, yana kuka yana saurare. Shirun ne kawai yake fitowa.