Gungumen da Aka Zare

Ana shirin kiran magariba Hanzari ya tuna ya bar noti biyu bai ɗaure ba a ƙarƙashin motar da za a karɓa da safe. Ya juya ya koma garejin. Kowa ya watse.

An cire mazaunin injin za a sa sabo, don haka injin na rataye da sarƙa a jikin wani ƙarfe da aka gitta a samansa. Ta ƙasa kuma an tokare shi da gungumen itace. Dokar yayansa ce wannan: sarƙa na cin amana, kada ka shiga ƙarƙashin inji sai da gungume.

Wata huɗu ke nan da inji ya danne ƙirjin yayan ya mutu. Aka ce sarƙa ce ta tsinke, gungume kuma ya zame, ƙaddara ce. Sarƙa kam ta tsinke. Amma shi gungumen, Hanzari ne ya zare shi don ya tokare wata motar, yana cewa aro zai yi, yanzu zai dawo da shi. Sauri ya haifi nawa. Bai faɗa wa kowa ba, har matar marigayin. Da bakinsa ya yi mata ta'aziyya, ko kunya babu.

Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta rigingine, ya sulala ciki da sifana a hannu. Warin baƙin mai ya cika masa hanci. Can sai wani wari ya danne shi: man zafin da yayansa ke shafawa a gwiwa.

Ƙiiii. Ƙarar itace a kan siminti.

Ya juya kai. Ƙafafu biyu ne tsaye, cikin silifas ɗin da aka ɗaure da waya. Ya san silifas ɗin. Gungumen na ja da baya a hankali.

"Wa... wane ne?"

"Aro zan yi," in ji wata murya ƙasa-ƙasa. "Yanzu zan dawo da shi."

Sarƙar ta ce ƙas.

"Yaya, don girman Allah..."

"Ina numfashi fa, ƙanena, lokacin da ka gangaro da gungumen kusa da ni don a ce zamewa ya yi. Ina kallonka. Sai da ka gama sannan ka kira mutane."

Mai ya ɗigo masa a goshi. Sanyi ƙalau.

Ƙas.

Ya yi salati, ya mirgina iya ƙarfinsa. Injin ya rufto. Kansa ya tsira, hannun damansa bai tsira ba. Mai walda na maƙwabta ne ya ji ihun, ya zo da jak ya zaro shi.

Yatsu uku aka yanke masa. Bai sake riƙe sifana ba. Ranar da aka sallame shi daga asibiti, kai tsaye ya wuce wajen matar yayansa, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya faɗi komai yana kuka, ya roƙe ta gafara.

Tana ninke kayan 'ya'yanta, ba ta ko ɗago ba sai da ta gama. Ta tsane shi a lokacin, ba ta kuma ɓoye ba.

"Ni ba ni ka bari a ƙarƙashin inji ba," in ji ta. "Ka san inda yake tsayawa da magariba. Je ka roƙe shi."