Gauraka Biyu a Bayan Madubi

Tsoho Kahei, maƙerin madubin tagulla, yana rufe shago da almuru sai ga wata mata jiƙe sharkaf, alhali ko yayyafi ba a yi ba.

"Baba, goge mini wannan. Ya dushe, ba na ganin fuskata."

Ta miƙa masa madubi, sanyi ƙalau, sai warin laka. Ya juya bayansa: gauraka biyu, da ɗan tsako a tsakaninsu. Sau ɗaya ya taɓa zuba wannan zane, don 'yarsa Omasa, wadda kwalekwale ya kife da ita ta nutse ranar kai ta gidan miji.

Ya ɗago kai ya dube ta. "Omasa?"

"Baba, har yau ba mu haye ba. Suna jirana kuwa?"