Hannu Ba Awarwaro

Amarya na zaune ita kaɗai a falo, shayinta ya huce, tana kallon wayar da ta ƙi yin ƙara. Har yanzu Amarya ake ce mata a gidan, ko da yake labulen ɗakinta ya fara koɗewa. Mijinta injiniya ne, aikin gada ya kai shi nesa, ya bar ta da mahaifiyarsa da ƙanwarsa Auta. Da can sai cajin waya ya ƙare suke sallama, yanzu kuwa ɗan saƙo ma da ƙyar.

Ba komai ya jawo wannan ba sai awarwaro. Farkon zuwanta gidan, Umma, uwar mijin, ta zare awarwaron azurfa biyu cikin waɗanda ta gada wurin tata uwar, ta zura mata. To Amarya a gidan adana kayan tarihi take aiki, a ɗakin gyaran kayan adon mutanen dā, inda aka hana shiga da zobe ko awarwaro, don kada ƙarfe ya karce abin da ya shekara dubbai. Saboda tsoron kada su ɓata a hanya, sai take barinsu a durowa. Nan Auta ta gan su.

– Umma, na faɗa miki! Wallahi gani take kayanmu lokal ne, ba kilas ɗinta ba!

– Umma, ki yi haƙuri, dokar wurin aiki ce...

– Rufe min baki! Wane aiki ne ke hana mace ado? Kin raina ni, kin raina uwata da ke kabari. Bari ya dawo, ya zaɓa tsakanina da ke!

Ta yi bayani har ta gaji, ba wanda ya saurare ta. Da ta kira mijin, abin da ya ce kawai shi ne:

– Don Allah kada ki haɗa ni da Umma.

Wannan magana ta fi komai yi mata ciwo. Sai ta kama bakinta. Ta ci gaba da gaisuwa ana amsa mata a ciki, ta yi girki a ture, ta koma ɗaki ta ci nata da hawaye. Kewar mijinta ta ishe ta, ga gida cike da mutane amma ba mai ce mata sannu.

Ran nan Umma ta yafa mayafi, ta ce sai ta je ta gano ƙaryar da idonta. A bakin ɗakin gyara mai gadi ya tare ta.

– Mama, sai kin cire na hannunki.

– Ni? Waɗannan da suka rage min, tun rasuwar mahaifiyata ban taɓa cire su ba!

– Ko shugaban wurin nan sai ya cire agogonsa.

Umma ta yi turus. Da ƙyar aka zare su, ta shiga tana shafa hannunta kamar wadda ta fito ba ɗankwali. Can ta hango surukarta a ƙuryar ɗaki, ita kaɗai, ta sunkuya kan farin ƙyalle. Gefenta ga 'yan kunnen zinariya masu siffar jinjirin wata, ga mundayen tagulla da suka yi kore, ga sarƙar ƙashi da bawon kifin teku.

Amarya ta zabura ta durƙusa.

– Umma! Lafiya dai?

– Mene ne wannan kike jerawa?

– Duwatsun wuya ne, Umma, a kabarin wata mata aka same su. Dubi waɗannan, zare ya ci hudarsu har ta yi faɗi, waɗancan kuwa kamar jiya aka huda. Muna zaton wata ce ta ba wata, kowacce ta ƙara nata. In na karce ɗaya, gani nake kamar na ci amanarsu duka.

Umma ta daɗe tana kallon duwatsun, sannan ta dubi yatsun yarinyar, yadda suke ɗaukar kowane dutse a hankali kamar jariri. Mai riƙe kayan matar da ba ta sani ba haka, ina za ta raina na uwar mijinta? Kunya ta rufe ta, hawaye ya zubo.

– 'Yata, na zalunce ki. Kin faɗa min gaskiya na toshe kunnena. Ki yafe min.

– Haba Umma, ai ke uwa ce!

– Kira min mijinki yanzun nan.

Yana ɗauka Umma ta karɓe wayar.

– Kai, sakarai! Ni tsufa ya ruɗe ni, kai kuma me ya hana ka tsaya wa matarka? Ga ta nan, ka ba ta haƙuri!

Amarya ta kara wayar a kunne. Ya ce:

– Ki yafe min. Gobe ina hanya.

Sai ta fashe da kuka da dariya a haɗe. Da ta rama faɗan Umma tun farko, da yanzu ba aure ba uwa. Haƙurinta ne ya tsare mata duka biyun. Ku kuma iyaye, kafin ku yanke wa 'yar mutane hukunci, ku daure ku saurari abin da take faɗa.