Rantsuwar Mai Kabari

Shekara uku Apondi tana buga takardun rantsuwa a ofishin Lauya Wekesa a Kisumu. Ta ga masu ɓatan katin shaida, ta ga masu gyaran suna, har da masu rage shekaru. Amma ba ta taɓa ganin irin saurayin da ya shigo wata Talata da tsakar rana ba.

"Na zo in rantse ina da rai," ya ce, ya ajiye mata takardar shaidar mutuwarsa.

Obura Ogola, masunci. Sai da ta saci kallon ƙafafunsa ta ga suna taɓa ƙasa sannan ta ɗago kai. Ya yi murmushi. Kai, ina mamaci zai samu irin wannan wushirya?

Kwalekwalensu ne ya kife a tafki shekara biyu da suka wuce. Masuntan Uganda suka tsince shi, ya daɗe yana jinya a can bai san inda kansa yake ba. Da aka rasa gawa, danginsa suka binne kututturen ayaba a madadinsa, kamar yadda aka saba.

Rantsuwar minti goma ce, amma Obura ya mai da ofishin wurin zuwa. Saƙonsa na waya kuwa ba ya yankewa, yana kiranta Jaber, wato kyakkyawa a yarensu.

"Jaber, kyakkyawata, duk garin nan ke kaɗai ke kallona cikin ido. In na ji muryarki sai in yarda na dawo."

Ita kuma ta amsa: "Fatalwata, ka dai ci abinci? Gobe kar ka zo ba soyayyen kifi."

Da maganar aure ta taso, mahaifiyar Apondi ta yi tsalle ta dire.

"Ga malamin makaranta yana binki kamar jela, ke sai mai kabari? Uwar da ta haife shi ma ba ta kiran sunansa!"

Gaskiya ta faɗa. Tun dawowarsa, ta taga tsohuwar tasa ke miƙa masa tuwo. Ofishin ɗaurin aure ma ya ce mamaci ba ya shaidar kansa, sai wadda ta kai rahoton mutuwar, wato mahaifiyarsa, ta rantse. In ba ta rantse ba, babu aure.

Apondi ta tafi ƙauyen da kanta. Kabarin na bayan ɗaki, an share shi tas, ga sunan masoyinta a jikin gicciye. Ko kaza ba ta kiwo a wajen. Ta juya ta shiga wajen mahaifiyar Obura.

"'Yata," tsohuwar ta ce a hankali, "tafkin nan ba ya mai da abin da ya ci. In na kira sunan, wani abu daban ya amsa fa?"

"Mama, ni ma na ji tsoro. Amma ina sonsa. Ki zo ki duba da kanki."

Ranar Juma'a tsohuwar ta zo ofis. Lauya Wekesa, kwamishinan rantsuwa, ya miƙa mata Littafi Mai Tsarki.

"Mama, doka ba ta karɓar kaɗa kai. Ki dube shi, ki faɗi sunansa."

Obura na tsaye a gabanta. Tsohuwar ta ajiye Littafin, ta miƙa hannu kamar mai taɓa tukunya a kan wuta, ta dafa ƙirjinsa. Ta daɗe a haka tana sauraron bugun.

"Obura?"

"Na'am, Mama."

Ta rushe da kuka. Lauya ya jira ta share ido, ta ɗaga Littafin ta rantse, sannan ya buga hatimi. Ita kuwa Apondi sai da ta sake buga wata takardar, hawayenta ya jiƙa ta farko.

Da mahaifiyarta ta ji labari, ta ce to, uwa ba ta rantsuwa a kan fatalwa. Bayan wata biyu aka ɗaura aure a coci, aka ci, aka sha, aka yi rawa. Da aka zo sa albarka, mahaifiyar Obura ta haɗa hannun amarya da na ango ta riƙe gam.

"Allah ya ba ku 'ya'ya da tsawon rai. Kai kuma, Obura, na binne ka sau ɗaya, ya ishe ni. Wannan karon kai za ka binne ni."